Sai Yaya Ta Kai Ƙarshen Babi

A gidan Yayata akwai wata doka da ba wanda ya taɓa kafa ta da baki, amma kowa ya tashi ya tarar da ita: idan littafi na buɗe a hannunta, ba a yi mata magana sai ta kai ƙarshen babi. Ba faɗa take yi ba. Da ma faɗan ne, da mutum ya san inda zai kama. Hannu kawai take ɗagawa, idonta na kan takarda, ta ce, “Bari in kai ƙarshen babi,” kai kuma ka tsaya da maganarka a baki kamar wanda ya zo roƙon gishiri. Marigayi mijinta har ya ƙware a abin. Sai ya leƙa ta bayan kafaɗarta, ya ƙiyasta abin da ya rage, ya dawo ya ce mini, “Je ka yi wankanka, da saura.”

Ni ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta nake zaune tun da matata ta gaji da halina ta kama gabanta. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Yaya ba ta da zaɓi a karatu. Labarin soyayya, tarihin yaƙin mutanen da ba ta san inda ƙasarsu take ba, rayuwar matuƙan jirgin ruwa, duk ɗaya ne a wurinta. Har wani littafin kiwon zuma ta taɓa cinyewa tas, ita da ko ƙuda ba ta son ya gifta ta gabanta. Akwai wani tsoho mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen titi kusa da tasha, shi ne dillalinta. Da ya hango ta zai fara zaro waɗanda ya ɓoye mata a ƙarƙashin buhu. Kayan fitarta ba su taka kara sun karya ba, amma kwalayen littattafai sun hana ƙofar ɗakinta buɗewa gaba ɗaya, sai dai ka shiga a karkace.

Wurin aikinmu ɗaya da ita. Shagon wanki da guga ne a kan babban titi, injuna a baya, teburin karɓar kaya a gaba. Ni nake jan motar shagon, in kwaso labule da zannuwan gado daga otal-otal in mayar musu a goge. Ita ce a kan tebur. Idan mutum ya kawo kaya, sai ta warware su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ta zura hannu a kowane aljihu, ta ɗaga riga wajen haske ta nuna masa tabon mai ko ƙunar taba tun bai tafi ba, don kada gobe ya dawo ya ce mu muka yi. Sannan ta maƙala 'yar takarda mai lamba a cikin wuyan rigar, ta jefa a kwandon da ya dace da ita. Abin da ta tsinta a aljihun mutane ya isa a buɗe wani shagon: makullai, ƙwayoyin magani, ɗan kunne wari guda a aljihun da bai kamata a same shi ba, har haƙoran roba. Takan miƙa wa mai shi abinsa ba tare da ta dubi fuskarsa ba, shi ya sa ake son ta.

A ƙarƙashin teburin akwai wata durowa da ba ta rufuwa sosai, nan littafinta yake yini a kife. Sai dai dokar gida ba ta aiki a shago, mai kaya ba ya jiran babi. Layi biyu za ta karanta, ƙofa ta buɗe, ta tura durowa da gwiwa, ta ce sannu da zuwa. Ta taɓa ce mini karatun shago kamar shan ruwa da cokali ne, ba ya kashe ƙishi sai dai ya tuna maka da shi.

Ƙarshen shekara kuwa shi ne lokacin haukarmu. A lokacin ne kowa yake tuna cewa labulensa ya yi dauɗa, bargonsa na wari, kwat ɗinsa na buƙatar guga kafin liyafar ofis. Baƙi za su zo, 'ya'ya za su dawo hutu, otal-otal sun cika. Kaya su taru har rufi, tururi ya cika bayan shago, masu guga su yi ta zagin juna da zagin injin da ya zaɓi wannan lokacin ya fara tari. Da an gama wannan turmutsitsi, mai shago yakan rufe na mako guda don a gyara injuna, tunda bayan hutu ba mai kawo ko hankici.

Wannan makon shi ne shekarar Yaya, sauran duk jiransa take yi. Tun farkon shekara take ware manyan littattafai, masu kaurin da ba sa shiga durowar shago, tana jera su a kan wani ɗan tebur kusa da kujerarta ta falo. Ba ta buɗe su, ba mai taɓa su. Idan ta zo wucewa da tsintsiya takan dafa na saman ta wuce. Ranar da aka rufe shago za ta dafa shinkafa tukunya guda mai kai ta kwanaki, ta ɗora ƙafa a kan matashi, shi ke nan kuma, kamar ruwa ya cinye ta.

A da, karatunta da hayaniya yake. Tana zaune za ka ji ta yi tsaki ta ce, “Kai, wannan mutum da sakarci yake,” ko ta tuntsire da dariya ita kaɗai, ko ta biyo ka har bakin famfo tana ba ka labarin mutanen da ba ka tambaye ta ba. Mijinta ya san su duka, har yakan tambaye ta lafiyarsu.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ya daɗe a asibiti, ita ce a gefen gadonsa dare da rana, kuma littafi na hannunta. Ranar da rai ya yi halinsa ba ta yi kuka ba. Ta tattara kofuna da bargo, ta naɗe su tsaf kamar kayan shago. Mutane sun yi magana, kuma maganar ta dawo kunnenta. Wata cikin dangin mijin ta ce ita dai ba ta taɓa ganin macen da mijinta ke shure-shuren mutuwa tana juya shafi ba. Na so in je in same ta har gida, Yaya ta hana ni.

Tun daga nan karatun ya ƙaru, hayaniyar ta ɗauke. Ba tsaki, ba dariya, ba labari. Ta gama wannan ta ɗauki wancan. Wata rana na tambaye ta ko wanda ta ajiye ya yi daɗi, ta ce, “Ka san cin abinci da mura? Ana ci dai.” Ba ta rame ba, ba ta fasa zuwa aiki ba, ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Ni da nake ganinta kullum ne kawai na san ba kowa a gidan.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta. Ina kiranta Gajera, saboda tun tana makaranta ta kere kowa a dangi tsawo, har ni. Tana aure a wani gari mai nisa, tana koyarwa a can. A wannan shekarar ta bugo waya ta ce za ta zo mana hutu, ita kaɗai, mijin aiki ya riƙe shi. Yaya ba ta da damar barin tebur, ni na je tasha na ɗauko ta da motar shago, bayanta cike da labulen otal.

Ba mu yi nisa ba ta ce, “Kawu, ɗan tsaya a gefe.”

Na tsaya. Na ɗauka amai take ji, har na fara murna a raina ina lissafin zama kaka.

Ta ce, “An ga ƙulli a nonona na hagu. Za a yi mini aiki a makon farko na sabuwar shekara. Sai an cire an auna za a san ko mene ne.”

Yadda ta faɗe shi kamar tana karanta wa ɗalibai sanarwa. Ni kuwa na riƙe sitiyari, sai na ji bakina yana tambayarta ko ta ci abinci.

Ta ce mijinta na iya ƙoƙarinsa, mutumin kirki ne, amma ko allura aka fito da ita sai an nemo masa kujera. Ita uwarta take so. Tana so in ta farka ta gan ta a wurin. Abin da ya kawo ta ke nan, ta roƙe ta ta bi ta.

Na ce, “To ai shi ke nan, yanzu mu wuce shago in faɗa mata.”

Ta riƙe hannuna. “A'a, Kawu. Da bakina nake so ta ji. Ka yi mini alkawari.”

“Wane irin alkawari kuma? Uwarki ce fa.”

“Na sani. Na kuma san asibitin da ta fito daga ciki. Ka bar ni in samu lokacin da ya dace.”

Na yi mata alkawarin, kuma har yau ina jin haushin kaina. A gidan Yaya lokacin da ya dace guda ɗaya ne, kowa ya san shi.

Kwanakin da suka biyo baya na kusa haukacewa. Yaya za ta fita tun rana ba ta fito ba, ta dawo da yamma liƙis ƙafa a kumbure, gashin goshinta ya jiƙe da tururi. Ta yi wa 'yar sannu da gida, ta tambaye ta mijinta, ta ci loma uku a tsaye, ta zube a kujera ta buɗe ɗan littafin da ta dawo da shi daga durowa. Gajera ta kawo mata shayi ta ajiye. Ta kawo ruwan ɗumi ta sa mata ƙafa a ciki. Sannan ta koma bayan kujera ta tsaya, ta miƙa dogon wuyan nan nata tana leƙen shafukan da suka rage, sak yadda ubanta yake yi. Mace mai aure, malamar makaranta, da ciwo a ƙirjinta, tana jiran mutanen takarda su gama maganarsu.

Ran farko, kafin babin ya ƙare barci ya sace Yaya a zaune, littafin ya zame kan cinyarta. Gajera ta cire mata tabarau ta lulluɓe ta. Rana ta biyu babin ya ƙare, ina gani, akwai farin fili a ƙasan shafin. Gajera ta buɗe baki, Yaya ta juya shafi ta faɗa na gaba ba ko numfashi. Wannan ba halinta ba ne. A da, in ta kai ƙarshe takan ɗago ta ce, “To, wa ke nemana?”

Sai Gajera ta ce bari ta gwada shago, ko a samu sarari da rana. Ta bi mu ta zauna a bayan tebur tana sa kaya a leda. Wane sarari! Wata mata ta zo da doguwar rigar liyafa mai duwatsu, ta rantse da duk abin da ta sani cewa duwatsun sun fi haka yawa lokacin da ta kawo. Wani ya zo karɓar kwat bai zo da lambarsa ba, kwat ɗin kuma baƙi, a shagon da ke da baƙaƙen kwat sun fi a ƙirga. Injin busarwa ya tsaya, mai shago ya fito yana ɗaga hannu sama. Yaya na tsakiyarsu, murya ɗaya, fuska ɗaya, tana sallamar kowa. Da aka ɗan lafa ta jawo durowa da gwiwa ta sunkuyar da kai. Gajera ta dube ni, na dubi titi.

Na gwada nawa dabarun. Na ɓoye littafin a ƙarƙashin kujerar mota. Yaya ta duba jakarta, ta shiga ɗaki a karkace ta fito da wani. Na ce mata a hanya, “Yaya, yarinyar nan fa ba don shinkafarki ta yi wannan doguwar tafiya ba. Ki zauna da ita mana.” Ta ce, “Ai muna zaune.” Na cika na batse, amma alkawari ya ɗaure mini baki, sai na huce a kan wani mai babur da bai yi mini komai ba.

A haka aka kai ranar rufe shago. Muka sallami na ƙarshe, masu guga suka kashe wuta, mai shago ya ja ƙofa ya yi wa kowa fatan ganin sabuwar shekara lafiya. Washegari da rana motar Gajera za ta tashi, don akwai gwaje-gwajen da za a yi mata kafin aikin.

Da safen na shigo falo na tarar shinkafar hutu na kan wuta. Yaya ta yi wanka, ta ɗora ƙafa a kan matashi, ta ɗauko na saman jerin nan, wani mai kauri kamar bulo. Jakar Gajera na bakin ƙofa a zuge. Na tsaya a nan jikin ƙofar, na ƙi gaba na ƙi baya.

Gajera ta fito daga ɗaki. Ba ta je bayan kujera ba wannan karon. Ta zo gaban uwar ta zauna a ƙasa, dab da ƙafafunta, ta naɗe dogayen ƙafafunta.  Sannan ta yi abin da ban taɓa jin wani ya yi a gidan ba, ta yi magana a tsakiyar babi.

“Mama.”

Na jira hannun nan ya ɗagu. Bai ɗagu ba. Yaya ta rufe littafin, ta cire tabarau, ta dubi 'yarta ta ce, “Ina jinki.”

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta kawo mini. Shekara da shekaru ban ga ta tsaya a tsakiya don wani ɗan Adam ba.

Gajera ta ja numfashi. Ta ɗago ido za ta fara, sai idon ya sauka a kan cinyar uwar ya tsaya a nan. Na bi inda take kallo. Littafin a rufe yake, amma ɗan yatsan Yaya na ciki, ya riƙe mata inda ta tsaya.

Ba wani abu ba ne. Duk mai karatu yana yi, hannu ne yake yin abinsa. Amma a gidan nan an san ma'anarsa tun ana yara: yi sauri ka faɗi, zan koma.

Gajera ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta yi murmushi ta ce, “Ba komai, Mama. Da ma cewa zan yi ko akwai abin da zan yi miki kafin in tafi.”

Yaya ta ce, “Babu. Ki gaishe shi. Allah ya kiyaye hanya.”

Suka yi sallama a bakin ƙofa kamar kowace shekara. Kafin in tayar da mota na waiwaya ta taga, har Yaya ta koma kujera.

Muka kama hanya har muka kusa tasha. Na ce, “Ki bar ni in juya. Ko ki sake ni daga alkawarin nan in je in faɗa mata da kaina.”

Ta ce, “Ka ga yatsan, Kawu?”

“Na gani. Yatsa ne kawai.”

“Shekara guda tana tara littattafan nan. Shi ke nan abin da ya rage mata. Ta yi zaman asibitin da ya ishe ta har ƙarshen rayuwarta, ba ni zan mayar da ita ba.” Ba kuka take yi ba, ta gaji uwarta a nan. Ta ce, “Zan bugo maka in an fito da ni.”

Na sa ta a mota, na tsaya har ta ɓace. Sannan na dawo gida da gudun da mai shago bai san motarsa na iya yi ba.

Ban jira babin kowa ba. Na tsaya a kan Yaya na ce, “Yatsanki!”

Ta ɗago. “Me?”

“Yarinya ta zauna a gabanki za ta yi miki magana, kin rufe littafi kin bar yatsa a ciki. Ta gani. Shi ya sa ta haɗiye maganarta. Ke wace irin uwa ce, Yaya?”

Ta dubi hannunta kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Ta juya shi. Ta ce, “Ban san yana ciki ba.”

Na buɗe baki zan ci gaba, domin na tanadi maganganu tun daga tasha, sai ta riga ni.

“Na hagun ne ko?”



Ta ce, “Tun ranar da ta zo na gani. Hannun dama take fara zurawa a riga, sannan ta bi da na hagun a hankali. Ba ta rataya jaka a wannan kafaɗar. In ta zo rungumata sai ta karkace. Shekara nawa ina kallon yadda kaya ke zama a jikin mutane?”

“Kin sani? Kin sani kika bar ta tana tsaye a bayanki kamar mai jiran sadaka?”

“Jira nake yi.”

“Jiran me?”

Ta dafa ƙirjinta da tafin hannu. “In ji wani abu a nan. Tun ranar nake jira. Na ce in na kwana zai zo, in na gan ta da safe zai zo. Bai zo ba. Na san 'yata ce, na san abin tsoro ne, kamar yadda na san lambar kayan mutane. Amma nan shiru.” Ta sauke hannun. “In ta faɗa mini, dubana za ta yi. Za ta ga fuskar da mutane suka gani ranar rasuwar ubanta. Su na iya ɗauka. Ita ban so ta shiga ɗakin aiki da wannan fuskar a idonta ba.”

“Shi ya sa kike ta tsallake babi?”

“Ban san abin da ke cikin littattafan nan ba tun da ta zo. Shafi kawai nake juyawa.”

Duk maganganun da na tanada suka watse. Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai kama. Na faɗa mata ranar aikin da asibitin, na ce a raina ai ba ni na fasa maganar ba, ita ta faɗa, ni cikewa kawai na yi. Ta gyaɗa kai. Ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Ta mayar da tabarau ta buɗe littafin. Na fita na bar mata gidan, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ita ce, da kayan fita da 'yar jaka.

Ta ce, “Kai ni tasha. Shinkafa na tukunya, kada ka bari ta lalace.”

Da na ɗaga jakar na ji nauyinta, na san abin da ke ciki. Na ce, “Haba Yaya, har yanzu?”

“Biyu ne kawai. In ba su a hannuna ban san inda zan ajiye idona ba.”

Muka kama hanya. Shaguna duk a rufe, titi fayau, sai masu shara. Tsohon mai littattafai ya hango ta ya ɗaga mata hannu, ba ta ma gan shi ba. Da na samar mata kujera kusa da taga a motar haya, na tsaya a waje na tambaye ta ko abin da take jira ya zo.

Ta ce, “A'a. Ƙafata ce kawai ke ciwo.”

“To za ki dai?”

“Na gaji da jira. In zai zo ya same ni a can.”

Na yi makon ni kaɗai da shinkafa da jerin littattafan da suka rage a kan ɗan tebur. Sabuwar shekara ta shigo, maƙwabta suka yi ta hayaniyarsu, ban leƙa ba. Mijin Gajera ne ya bugo ya ce an yi aikin, an fito da ita, sakamakon awo kuma sai nan gaba. Washegari da hantsi ita da kanta ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, tana jan kalmomi.

Na ce, “Gajera, ya jiki? Tana ina?”

“Ga ta nan kusa da ni.”

“Ta yi kuka?”

“A'a. Fuskar nan dai da ka sani.”

“Ta ce wani abu?”

“Ta ce rigar asibitin nan ba a goge ta da kyau ba.”

“Yanzu me take yi?”

“Karatu.”

Na miƙe tsaye da wayar a kunne. Na ce ta ba ni ita yanzun nan, yau sai na gaya mata abin da ba ta taɓa ji ba, ko da ita ce ta goya ni.

Ta ce, “Kawu, tsaya. Kada ka sa ni dariya, ɗinkin na ja.” Ta ɗan huta. “Ba za ta iya karɓar waya ba. Tun da na farka ta riƙe hannuna, da hannunta duka biyu. Littafin na buɗe a kan cinyarta, tana kallonsa. Tun jiya shafi ɗaya ne.”

Na koma na zauna.

Ta ce, “Ɗazu na ce ta sake ni ta juya shafin. Ta ce in bar shi, ba ta gama da wannan ba tukuna.”